Rancen Rana

Yau kwana arba'in da 'yan kai
ban ga inuwata ba.
Ba ɓata ta yi ba, na san inda take:
ta bi Najaaraq kudu.

A nan Ilulissat, ƙarshen Nuwamba,
rana kan leƙo ta bayan dutse
kamar baƙuwar da ta riga ta sa takalmi,
ta ɗaga hannu, shi ke nan.
Da tsaka a ba mu ɗan shuɗi-shuɗi,
iya na gyaran ƙugiya da ciyar da karnuka.
Saura duk na wata ne.

Shi kuwa ba ya jin kunya a wannan lokaci.
In ya cika sai ya ƙi faɗuwa,
ya yi ta kewaya gari,
yana lasar tsaunukan ƙanƙara masu iyo a bakin teku.
Da haskensa nake huda rami,
in zura igiya, in jira kifi,
numfashina na daskarewa a gemu.

'Yata tana dafa wa masu bincike abinci
a ɗaya ƙarshen duniya.
Ran Lahadi waya kan shiga, tana tsinkewa.
"Baba, barci ya gagara.
Na liƙe taga da kwali, haske na biyowa ta ƙasan ƙofa.
Ƙarfe biyun dare nake feraye dankali ba fitila.
Kuma ranar nan bahaguwa ce,
daga dama take tafiya zuwa hagu."
Na ce ki riƙe ta da kyau, tamu ce.
Ta yi dariya, dariyar ta iso a makare.

Ɗanta Aputsiaq, da ta bar mini,
shekara shida, baki ba linzami,
ya ce wa ya sace ta?
Na ɗauko jan ƙwallon da ke ɗaga taru a ruwa,
na kashe wuta, na bar aci-balbal guda.
Ka ga nan? Mu ne. Ka ga can ƙasa? Uwarka.
Duniya a karkace take tafiya,
kamar mai jaka a kafaɗa ɗaya.
Na juya ƙwallon sannu:
wani gari na hamma, wani na rufe kanti,
gefen duhu na rarrafe a kan teku
ba ya jiƙa, ba ya gajiya,
mu kuwa ko an juya sau ɗari
ba mu fita daga bayan haske ba.
Ba sata ba ce, na ce. Rance ne.
Ya ce to yaushe za su biya?

Sha uku ga Janairu.
Gari ya hau tudu, har Tuperna mai ciwon gwiwa,
da shayi a butar ƙarfe.
'Yan makaranta sun zana rana a takarda,
rawaya, da haƙora.
Muka tsaya. Gajimare ya tokare kudu.
Wani ya duba agogo, wani ya yi tsaki.
Yara suka rera abin da aka koya musu,
suna kallon toka.

Mun fara gangarowa
sai gajimaren ya yage kaɗan, faɗin ɗan yatsa.
Ba ɗumi. Ko kaɗan.
Amma wani dogon abu baƙi
ya fito daga ƙafar Aputsiaq
ya miƙe bisa dusar ƙanƙara har gindin dutse.
Yaron ya ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga.
Ban duba tawa ba, idona ya cika,
kuma hawaye a nan ba a barinsa ya daɗe.

Da dare saƙo ya shigo:
"Ta fara sunkuyawa, ta kusa taɓa ruwa.
Ina marmarin tauraro ko guda."

Na ce yana hanya.
Na fita, karnuka ba su ci ba.